Cocin ƙauyenmu ya koma na tsofaffi: mu canza fasto, mu ƙarasa gini, ko mu haɗe da maƙwabta?

Tambaya: Baba, ni ne sakataren ikilisiyarmu a wani ƙauye a kudancin Jihar Katsina. Muna yara benci ba ya isa ranar Lahadi, a tabarma ake zaunar da mu. Yanzu in mun kai manya talatin to mun cika, su ma yawanci tsofaffi ne da mata. Fasto yana bin mu albashin wata biyar, kason kuɗin da muke biyan gunduma, wato ofishin da ke kula da ikilisiyoyin yankinmu, ya taru mana, sabon ginin da muka soma ya tsaya a linta. Dattawa sun rabu gida uku: wasu sun ce a roƙi gunduma ta canza mana fasto, wasu sun ce a kira taron falkaswa, wato babban taron wa'azi na farkar da masu bi, a kuma ƙarasa gini don mutane su dawo, wasu sun ce mu haƙura mu haɗe da cocin garin da ke kusa da mu. Wanne za mu bi?

Amsa: Ɗana Sakatare, na gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ka kuma isar mini da gaisuwa ga dattawa da Baba Fasto da Mama. Na yi aiki a ƙauyuka irin naku shekaru masu yawa kafin a mayar da ni koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, don haka ba baƙon labari ka kawo mini ba. Kada ku ɗauki ko ɗaya cikin ukun nan a wannan watan. Kowane ɓangare ya riga ya yanke wa kansa abin da ya kori mutane, amma ban ji ka ce wani ya zauna ya bincika inda suka shiga ba.

Ga aikin da zan ba ka, kuma naka ne tun da littattafai a hannunka suke. Ka ɗauko littafin baftisma da na membobi, ka koma baya kamar shekara ashirin. Kada ka zauna da dattawa maza. Ka nemi tsofaffi biyu daga Zumuntar Mata, su ne suka san wa ya auri wa, wa ke Kaduna, wa ya yi fushi tun ranar bikin wance. Ku bi suna ɗaya-ɗaya, kowanne ka jefa shi a rukuninsa: na farko waɗanda suka rasu, na biyu waɗanda suka bar gari don aiki ko karatu ko aure, na uku waɗanda 'yan bindiga suka tasa, na huɗu waɗanda ke gari amma wani coci suke zuwa, na biyar waɗanda ke gari ba sa zuwa ko'ina ko sun bar bangaskiyar gaba ɗaya. Yini biyu ya isa, in dai an dafa wa iyayen nan shayi.

A mafi yawan wuraren da na ga an yi wannan lissafi, rukuni ukun farko ne ke cinye takarda. In haka ya fito muku, to garin ne da kansa ke raguwa, ikilisiya bin sa kawai take yi. Kana iya tabbatarwa ba tare da ka yi nisa ba. Tambayi hedimasta yara nawa ne a aji shida bana, nawa ne shekara goma da ta wuce. Tambayi mai unguwa gida nawa aka garƙame da kwaɗo. In kuna gaisawa da limamin garin, kuma ya kamata a ce kuna yi, ka tambaye shi sahu nawa yake samu da rani. Za ka ji kusan kukanku ɗaya, samari sun tafi.

Dalilan tafiyar kowa ya san su. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya shida, su ma an raba wa nasu, har ta kai saurayi ba zai ci shekara da rabonsa ba. Taki ya fi ƙarfin talaka, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa kuɗin kai amfanin gona kasuwa ya hau. A ɓangarenku akwai abin da ya fi waɗannan duka: daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara har zuwa Birnin Gwari, mutum tsoron gonar da ta yi nisa da gida yake yi. Da can cin rani ake tafiya a dawo da ruwan fari. Yanzu wanda ya samu babur ɗin haya a Maraba ko Masaka, ko gadi a Kaduna, ba a ganin sa sai Kirsimeti ko jana'iza. Akwai kuma abin da mu ma'aikatan ikilisiya ba mu cika son faɗa ba: mu ne muka koya wa yaran nan karatu. Cocin ƙauye a ƙasar nan tare da makaranta ya taso, malamin da ke wa'azi ran Lahadi shi ke koyar da baƙi da wasali ran Litinin. Yaron da ya iya karatu ya ci jarrabawar sakandare, ya wuce kwaleji, to aikinsa ba a ƙauye yake ba. Iyayenku sun roƙi Allah ya ba 'ya'yansu ilimi, Allah ya amsa, benci ya zama wayam.

Ba kuma yau aka fara ba. Ɗaya daga cikin ikilisiyoyin ƙauye na farko a ƙasar Hausa ita ce ta Gimi a ƙasar Zazzau, inda wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka taru wajen 1914 bayan sun haɗu da Dakta Miller na CMS, mishan ɗin cocin Anglikan, a Zariya. Sun yi gonaki, sun yi makaranta, sun tayar da wurin sujada. Ciwon barci ya shigo ya kwashe mutane da yawa, kafin shekara goma ta cika zaman ya watse. Ba wanda zai ce mai wa'azin Gimi ne bai iya wa'azi ba. Waɗanda suka tsira da 'ya'yansu suna cikin tushen jama'ar Wusasa bayan da mishan ta koma can a 1929. Ko ƙasashen da suka aiko mana da 'yan mishan ba su tsira ba. A Amurka wani babban bincike da ake maimaitawa kan wuraren ibada ya nuna a 2000 rabinsu ba sa wuce mutum 137 a sujadar mako, a 2020 adadin ya sauko zuwa 65. A karkarar Ingila ba abin mamaki ba ne limamin Anglikan guda ya riƙe ƙauyuka biyar ko fiye. Sai dai kada ka ɗauki labarinsu kacokan ka ɗora a kan naku. Su can mutum yana gari ya daina zuwa. Naku da yawa suna nan Sabon Tasha a Kaduna suna waƙa a kwaya.

Yanzu batun fasto. Kafin a ce a canza shi, a biya shi. Ikilisiyar da ta riƙe hakkin ma'aikacinta wata biyar ba ta da bakin kai ƙararsa gunduma, kuma duk wanda za a turo muku zai fara tambayar wanda ya tashi ko ana biya. Sannan ka ɗauki biro mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne a wata, a shekara 840,000 ke nan. Raba wa manya talatin, kowa zai kawo 28,000 a shekara don albashi kaɗai, ba a zo kan kason gunduma ba, ba gyaran rufi, ba taimakon gwauraye, ba karɓar baƙi. Cikin talatin ɗin nan kuma mutum nawa ne ke riƙe kuɗi a hannu in ba da kaka ba? Tsohuwar da ke kawo kwanon dawa da ƙwai biyu a baikon godiya ta ba da iyakar ƙarfinta. Ko wa aka turo, lissafin nan yana nan yadda yake.

Tsarin fasto mai cikakken albashi a kowane coci sabon abu ne a wurinmu. Iyayen da suka kafa ikilisiyoyin nan manoma ne. Mai bishara yakan sauka a gari, a yanka masa gona, jama'a su yi masa gayya da damina, da kaka a auna masa hatsi. Rabaran guda ne ke zagaya garuruwa a kan keke, ya yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, ya ɗaura aure, ya wuce. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi tun farkonta tana haɗa wa ɗalibi karatu da noma, har da huɗa da shanu, don in ya fita ya iya ciyar da kansa. Tun ƙarni na 19 Henry Venn na CMS yake cewa ikilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta, kuma a kan wannan aka yi aiki har ɗariƙar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, TEKAN kuma, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, a 1955. Manzo Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Riƙe kai a wurin iyayen nan shi ne a yi tsari daidai ƙarfin jama'a. Mu muka zo muka ɗauko na cocin birni, mai janareta da kayan kiɗa da taro iri-iri, muka jibga wa ƙauye.

Shawarata ku nemi gunduma ta haɗa ku da ikilisiya ɗaya ko biyu na kusa a ƙarƙashin fasto guda, ku haɗa masa albashi da babur da kuɗin mai, ya riƙa juyawa. Lahadin da ba ya nan, dattijo ko malamin makarantar Lahadi ya bi da sujada. Wannan sai an horar da mutum biyu ko uku daga cikinku, an kuma tsara musu nassoshin da za su bi na wata uku-uku, kada kowa ya hau bagadi ya huce haushinsa a kan maƙwabcinsa. In kuwa kun fi son fastonku ya zauna naku ku kaɗai, to ku gaya wa juna gaskiya a rubuce: ga abin da za mu iya biya, ga gonar coci, ga gayya, sauran lokacinsa ya nemi na kansa, kuma ba mai gunaguni in an gan shi a kasuwa yana sayar da wake. Ka tuna shi ma mutum ne. Matashin da ya gama makarantar tauhidi, matarsa na riƙe da takardar NCE ba aiki, 'ya'yansa na bukatar makaranta, abokan karatunsa na birni, sau da yawa yakan ɗauki turowa ƙauye tamkar an hukunta shi. Wasu na nuna hakan a fuska, jama'a kuma suna gani. In naku irin wannan ne, ga kuma rukuni na huɗu da na biyar sun cika da sunayen da suka fita a zamaninsa, to maganar canji tana da tushe. In ba haka ba, ku ƙyale bawan Allah ya sarara.

Gini kuwa ku dakata. Na san abin da ke ran masu wannan ra'ayi, kunya ake ji a ce cocin garin kaza ya yi rufin zamani, namu na nan da tsohon kwano. Amma ban taɓa ganin inda bulo ya dawo da wanda ke Legas ba. Mutum talatin a ɗakin da aka auna wa ɗari uku, ko waƙa ba ta tashi. A tsohon ginin kuwa in mata suka buga tulu suka kaɗa caki, ɗakin cika yake. Ku kare katangar da kuka tayar daga ruwan sama, ku canza azarar da gara ta ci a tsohon ɗakin, ku toshe yoyo, ku fitar da bencin baya ku jawo kowa gaba. Wannan na ƙarshen ya fi yadda kake zato wuya. Na taɓa yin wa'azi a wani coci inda tsofaffin da suka rage ke zaune nan ɗaya can ɗaya, kowa a wurin da ya saba tun yana saurayi. Da na ce a matso, wani dattijo ya dafa bencin da ke gefensa ya ce nan wurin marigayi yayansa ne. Sai da lallashi.

Kuɗin gini daga 'ya'yanku na birni yake fitowa, na sani, ranar ƙaddamarwa bayan Kirsimeti, a kira suna a lasifika, wane ya ba da siminti buhu ashirin, a yi tafi. Gini yana da farin jini saboda ana ganin sa, ana ɗaukar hotonsa a saka a Facebook. Albashin fasto da kuɗin maganin tsohuwa ba su da hoto. Ku juya roƙon. Mutanen rukuni na biyu ka nemi lambobinsu, ka buɗe musu zaure a WhatsApp, ka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya duk wata, ko dubu ɗaya ce, don riƙe ma'aikaci. Sharaɗin shi ne asusu a banki da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, da rahoto duk ƙarshen wata, ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Ɗan birni yawanci ya taɓa aikowa ne bai ƙara jin ɗuriyar kuɗin ba, shi ya sa ya naɗe hannu.

Akwai kuma maganar da ya kamata shugabanni su ji, ni kuwa na wuce shekarun jin tsoron faɗar ta. Cocin ƙauye shi ke renon yaro a makarantar Lahadi, ya koya masa waƙoƙi, ya yi masa baftisma a rafi. Ranar da ya fara ɗaukar albashi, zakkarsa a cocin birni take sauka. In ya mutu a dawo da shi gida, tsofaffin nan su haƙa kabari su dafa wa baƙi abinci. Manyan ikilisiyoyin Kaduna da Kano da Abuja da ke cike da 'ya'yan ƙauye, taimakon ƙauye bashi ne a kansu. Abin da Bulus ya rubuta wa Korantiyawa ke nan a wasiƙarsa ta biyu, sura 8, cewa yalwar wasu ta cike rashin wasu don a daidaita. Ku nemi coci guda a birni inda 'ya'yanku suka fi yawa, ku rubuta wa dattawansa ta hannun 'ya'yan nan, ku roƙi abu takamaimai, misali rabin albashin ma'aikaci na shekara biyu.

To in rukuni na huɗu da na biyar ne suka yi tsawo fa? Nan maganar ta fi ɗaci, domin laifin na cikin gida ne. Ikilisiyoyin ƙauye da yawa gida ɗaya ne ko biyu suka kafa su, kakansu ne ya fara tuba, shi ya ba da fili. Jikoki sai su ɗauka gado ce. Ma'aji ɗan gidan, shugaban dattawa ɗan gidan, shugabar mata matar ɗan gidan, shekara da shekaru ba zaɓe, ko a yi zaɓen da kowa ya san sakamakonsa tun jiya. Rikicin iyakar gona tsakanin gida biyu ya biyo mutane har cikin coci. Wanda ya ga ba a jin tasa ba ya tsayawa gardama, daina zuwa yake yi, ko ya je ya kira wata ɗariƙa ta kafa rumfa a bayan gidansa. Haka ake samun ƙaramin ƙauye da coci huɗu, kowanne yana kukan ba mutane, kowanne fastonsa na bin sa bashi.

Sai horo, wato hukuncin da coci ke yi wa mai laifi. Ban ce a daina ba. Amma ka duba littafinka ka ga su wa aka sa a horo cikin shekarun nan, su wa kuma aka dawo da su. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban jama'a, a mayar da ita bencin baya. Wanda ya yi mata yana Abuja, ko yana nan amma ɗan dattijo ne. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, ba wanda ya taka ya je gidansu. Ita ta tafi, uwarta ta bi ta, ƙannenta ma haka. Ga magidancin da ya zo da mata biyu tun kafin ya ba da gaskiya, shekaru yana zaune a baya ba baftisma ba Jibi, 'ya'yansa na kallo. Kowace ɗariƙa da dokarta a kan wannan, kuma ba ku za ku canza ta a ƙauye ba, amma doka ba ta hana ziyara da girmamawa ba. Ga tsadar aure: saurayi ya ga kafin a ɗaura masa a coci sai ya sayar da amfanin gonar shekara biyu, sai ya ɗauki yarinya su gudu, su dawo a sa su a horo. A yankinku, inda masu bi 'yan kaɗan ne cikin dangi Musulmi, wanda aka wulakanta a coci yana da inda za a karɓe shi hannu bibbiyu, ba kuma zai sha wuyar samun mata ko miji a can ba.

Ka ce yawancinku mata ne. To su wa ke yanke shawarar kuɗi? Ko da tsarin ɗariƙarku bai ba mace kujerar dattijo ba, babu dokar da ta hana a kira shugabannin Zumunta a ji ta bakinsu kafin a yanke magana, kuma asusunsu sau da yawa ya fi na coci tsabta. Samarin da suka rage su ma, me aka ba su ban da share fili da ɗaukar benci? A ba su karatun nassi, a ba su ƙirgar baiko, a ba ɗayansu kujera a kwamiti.

Irin wannan ɓarnar taron falkaswa ba ya gyara ta. Ka lissafa kuɗin motar mai wa'azi, hayar lasifika, man janareta, abincin baƙi na kwana uku. Fili zai cika da mutanen garuruwan kewaye, a fito gaba a yi kuka, ran Litinin kowa ya koma cocinsa, ku kuma bashi ya ƙaru muku. Ƙarfin shirin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa tun shekarun 1960 yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidaje da fita biyu-biyu gida-gida, abin da ba ya cin ko kwabo. Dattijo ya ɗauki sandarsa ya je gidan wanda aka ɓata wa rai, ya zauna a tabarma, ya ce mun yi maka ba daidai ba. Na ga wannan ya dawo da gida guda cur, da mata da yara.

Saura masu cewa a haɗe. Su suka fi kusa da gaskiya, sai dai sun zarce. A haɗa fasto, a haɗa ajin baftisma da taron matasa, amma kada a rufe ƙofa ranar Lahadi muddin akwai masu zuwa. Garin da kake ce wa kusa, kusa ne ga mai babur. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta kai ba, a watan Agusta kuma in rafi ya kawo ko saurayi ba ya hayewa, balle yanzu da hanyar daji ta zama abin tsoro. Abin da na sha gani shi ne in an rufe ƙaramin coci, kaɗan ne ke komawa babban, sauran zamansu suke yi a gida. Sannan ranar da aka daina buga ƙarfen nan da ke rataye a bishiya da safiyar Lahadi, gari zai ɗauka masu bi sun ƙare, wanda ke tunanin ƙaura kuma ya samu dalili. Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa, ku kuwa talatin ne. In matsayinku na cikakkiyar ikilisiya ne ke jawo muku kason da ba ku iya biya, ku roƙa a mayar da ku reshe ko wurin wa'azi a ƙarƙashin wata. Dattawa za su ji kamar an rage musu girma. Su haƙura, ana iya komawa in jama'a sun ƙaru.

Akwai lokacin da rufewa ke zama dole, in zama a garin ya zama kasadar rai. Kada wani ya zaunar da mutane a bakin bindiga don a ce coci bai mutu ba. 'Yan'uwanmu na ɗariƙar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun ga wannan a 2014, da Boko Haram ta kama Gwoza ta kai har hedikwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi. Waɗanda suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao da waɗanda suka gangaro gefen Abuja da Nasarawa sun ci gaba da taruwa a inda suka samu kansu. In ta kai ku ga haka, Allah ya kiyaye, a bi mutane inda suka koma, a haɗa su da ikilisiyar can da wasiƙa, a kai littattafan baftisma da na aure ofishin gunduma.

Ko kun rufe ko ba ku rufe ba, akwai abin da nake so ka fara a makon nan, wato takardar fili. Yawancin cocin ƙauye a kan filin da wani dattijo ya bayar da baki suke, shaidun kuma duk sun kwanta dama. Lokacin da jama'a ke da yawa ba mai tayar da magana, in suka ragu sai jika ya tuno gonar kakansa ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Na san a jihohinmu na can sama samun takarda da sunan coci ba abu ne mai sauƙi ba. Duk da haka ku soma da abin da ke hannunku: a rubuta yarjejeniya da magadan wanda ya ba da filin, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a auna, a kafa duwatsun iyaka, har da maƙabarta da gonar coci. Sunan ɗariƙa za a sa, kada a sa na wani dattijo ko da shi ne mafi amana a garin. Kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a gunduma.

In ka gama lissafin sunayen, ka karanta shi a gaban dattawa duka, da shugabannin mata a zaune, kafin kowa ya sake kawo ra'ayinsa. Daga nan ku je gunduma ku uku, kai da ma'aji da dattijo ɗaya, da takarda mai shafi ɗaya: yawanku na gaskiya, abin da ke shigowa wata-wata da abin da ke shigowa da kaka, bashin da ke kanku, da roƙonku, wato a sake yanka muku kaso daidai yawanku na yau, a yafe ko a jinkirta tsohon, a duba yiwuwar fasto guda ga ikilisiya biyu ko uku. Kada ku ƙara ko mutum ɗaya a adadin don kunya. Sakatarori da yawa sun yi shekaru suna aika tsohon adadi, a kansa kuma ake yanka musu kaso. Wata biyar ɗin Baba Fasto kuwa kada ku jira gunduma. In kaka ta yi ku auna masa daga masarar gonar coci a farashin kasuwa, ku rubuta, ya sa hannu, abin da ya saura a biya shi kaɗan-kaɗan kafin Ista.